Akuyar Tabawa a Rijiyar Sarki

An ce wai an yi wani sarki a Birnin Dunƙule, sunansa Nagoma, wanda ba ya son a yabi aikin da ba nasa ba. A kwarin garin akwai tsohuwar rijiya da kakansa ya haƙa, ruwanta sanyi kamar na randa. Duk wanda ya sha sai ya sa wa kakan albarka, abin kuwa yana cin Sarki a rai.

Wazirinsa, Tankari, ya ba da shawara a haƙa sabuwa a ƙofar fada, bisa tudu, inda kowane baƙo zai gani. Aka haƙa, aka ɗaure bakinta da jan dutse, amma ruwa ko ɗigo. Ranar buɗewa Waziri ya sa bayi suka tuttula mata ruwan rafi a ɓoye. Sarki ya leƙa ya ga ƙyalli, ya yi murna, ya sa aka cike tsohuwar da ƙasa. Kafin gari ya waye yashi ya shanye ruwan.

Don kada asiri ya tonu, Waziri ya sa aka yi doka: daga yau wannan ce rijiyar gari, kuma duk wanda ya ce ba ruwa a cikinta, a yanke masa harshe a ranar, kafin rana ta faɗi. Sai mata suka riƙa zuwa rafi mai nisa, su biyo ta ƙofar fada da tulunansu suna cewa, "Kai, ruwan Sarki da daɗi!"

Ana nan, akuyar wata tsohuwa mai suna Tabawa ta faɗa rijiyar. Ita ke nan gare ta. Tsohuwa ta zo wurin dogarai ta ce, "'Ya'yan nan, ku ara mini igiya. Akuyata na cikin rijiya tun jiya, ina jin kukanta."

Babban dogari ya ce, "Iya, akuyar da ta kwana cikin ruwa tana kuka?"

Ta ce, "Wane ruwa?"

Nan take aka kama ta.

Aka kai ta gaban Alƙali Mani a zauren fada, Sarki na zaune, jama'a sun cika ƙofa. Kowa ya san inda Alƙali ya tsaya: in ya sake ta, ya ce rijiya busasshiya ce, nasa harshen ya tafi. In ya kama ta da laifi, ya yanke harshen da bai faɗi ƙarya ba.

Waziri ya ce, "Allah gafarta Malam, shari'ar ba ta da tsawo. Ta faɗa, an ji."

Alƙali ya dubi tsohuwa ya ce, "Iya, kin faɗa?"

Ta ce, "Na faɗa, ɗan nan. Ni akuyata nake so."

Alƙali ya juya ga jama'a. Sannan ya ce, "Doka ta ce da ruwa, Tabawa ta ce babu. Baki ɗaya ba ya rinjayar doka. Ta yi laifi, a yanke."

Wata mata ta rushe da kuka a bakin ƙofa. Hauni, mai zartar da hukunci, ya zare wuƙa. Tabawa ta toshe bakinta da hannu biyu.

Alƙali ya ɗaga hannu ya ce, "Saura abu guda, ranka ya daɗe. Al'adar gidan nan tun kakanni, ba a zub da jinin talaka sai Sarki ya ja guga da kansa a rijiyar gari, ya wanke hannu a gaban jama'a, don a shaida ba da ƙiyayya aka yi ba. A kawo guga."

Fuskar Waziri ta sauya. Ya ce, "Rana ta yi zafi, kada a wahalar da Sarki. A bari sai da safe."

Alƙali ya ce, "Da na so, Waziri. Amma dokarka ce ta ce kafin rana ta faɗi."

"To, a ɗebo a randar fada."

"Dokarka ce kuma ta ce wannan ce rijiyar gari."

Sarki ya tashi, jama'a suka bi shi. Ya saki guga, igiya ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, sai aka ji tim, ƙarar fata a kan busasshiyar ƙasa. Ya jawo. Ba komai ciki sai yashi da kashin akuya. Ya sake saki. Wannan karon, daga can ƙasa, akuya ta amsa da kuka mai tsawo.

Ba wanda ya yi dariya. Sarki ya dubi hannunsa da ya yi ƙura, ya dubi matan da ke tsaye da tuluna, ƙafafunsu duk taɓon rafi. Ya ce, "Malam, yanzu ina hukuncinka?"

Alƙali ya ce, "Yana nan, Allah ya ja zamaninka. Ranar da rijiyar nan ta wanke hannun Sarki, a yanke harshen Tabawa."

Mutane suka fara ja da baya. Can Sarki ya ce, "Hauni, mai da wuƙarka. Na kashe dokar. Gobe a tone rijiyar kakana." Ya juya ga Waziri ya ce, "Kai kuma da ka ga ruwa a nan, ɗaura igiya a ƙugu ka shiga ka fito da akuyar baiwar Allah. In ka jiƙe, ka ci gaba da zama Waziri."

Aka zura shi. Ya fito rungume da akuya, rawaninsa fari fat da ƙura. Tabawa ta karɓi abarta ta ce, "Sannu, Waziri. Allah ya sa ba ka sha ruwa da yawa ba."

Shi ya sa masu hankali ke cewa, doka tana iya rufe bakin gari duka, amma ba ta iya jiƙa guga.