Layin da Malam Gauraka Ya Ja

An yi wani gauraka a bakin wata fadama, mai tukku a ka kamar an zuba masa zinariya, ga girman kai wanda ya fi tukkun. Shi ne ke koyar da ƙananan 'ya'yan dabbobi a gindin ɗorawa kowace safiya. A wurinsa yaro ke koyon warin hayaƙi tun wuta tana nesa, da hanyoyin da ake bi a ƙasa a isa ruwa idan mafarauta sun cinna wa daji wuta. Ba zan rage masa ba, Malam Gauraka ya san aikinsa.

A dajin kuma akwai Inna Zabuwa, uwar masu taurin kai. Ga baki! Idan ta ce maka ina kwana, na ƙetaren rafi ne zai fara amsawa.

Wata rana bayan gobarar daji, Inna Zabuwa na tonon abinci cikin toka, sai ta tsinci wata 'yar bushiya a tsagin dutse. Uwarta ce ta cusa ta a ciki, ita kuma uwar ta dunƙule a waje kamar yadda bushiya ke yi idan ta ga haɗari. Ƙaya tana korar kare, amma ba ta korar wuta. Uwar ba ta tashi ba.

Inna Zabuwa ta ɗauke ta, ta raɗa mata suna Ƙyallu. Yarinyar tana ci, tana girma, sai dai abu guda. Da ta ji ƙara, ko reshe ne ya karye, sai ta dunƙule, ba ka ganin ido, ba ka ganin hanci.

Damina ta zo ta wuce, ciyawa ta fara bushewa. Hankalin Inna Zabuwa ya tashi. Ita idan wuta ta zo fiffike take buɗewa ta tashi, ba ta san hanyar ƙasa ko ɗaya ba. In Ƙyallu ba ta koyi hanyar ruwa ba kafin mafarauta su dawo, abin da ya ci uwarta shi zai ci ta.

Sai ta tasa ta gaba har gindin ɗorawa.

To, Malam Gauraka yana da wata doka da yake ji da ita. Duk sabon yaro zai tsaya gabansa, shi kuma ya kwaɗa kiran sunansa da muryar nan tasa mai kama da kakaki. Yaron ya ɗaga kai ya ce "Na'am, Malam!" da ƙarfi. Wanda ya amsa ya shiga. Wanda ya kasa, ya koma gida.

Malam Gauraka ya miƙe wuya, ya cika ƙirji. "ƘYALLU!"

Kafin ya rufe baki, Ƙyallu ta zama curin ƙaya.

"Wannan kuma wace irin rashin kunya ce? Ina kira ana ba ni baya?"

"Ba rashin kunya ba ce, Malam, tsoro ne," in ji Inna Zabuwa. "Wuta ta cinye uwarta tana ji. Ka sassauta murya ka gani."

"In sassauta murya? Ni? Saboda 'yar tsintuwa? Baiwar Allah, kwashi abarki ki yi gaba. Ko da ta amsa ma, wa zai zauna kusa da ita ta tsire masa ciki?"

"Ni nan kullum a jikina take kwana, ka ga cikina ya fashe?"

"Doka ce!"

"Wa ya kafa ta?"

"Ni!"

"To kai za ka sauke ta. Ba inda za mu."

Ran Malam Gauraka ya ɓaci har tukkunsa na rawa. Ya sa ƙafa ya ja layi a ƙasa, ya kewaye inuwar ɗorawar kaf. "Duk wanda bai amsa kira ba, kada ya kuskura ya tsallako nan."

Inna Zabuwa ta dubi layin, ta dubi Malam. Ta taka har bakinsa, ta gyara zama a cikin rana, ta jawo Ƙyallu ƙarƙashin fiffikenta.

"Cewa ka yi kada mu tsallaka. Ba mu tsallaka ba. Bisimilla, fara karatu, muna ji."

Washegari ta dawo. Jibi ma haka. Duk abin da Malam ya faɗa a inuwa, sai ta sunkuya ta maimaita wa Ƙyallu a rana. A nan fa aka sha kallo, domin Inna Zabuwa tun da aka ƙyanƙyashe ta ba ta taɓa yin raɗa ba. Ta buɗe baki da niyyar magana a hankali, sai "kurkyat!" ta fito, Ƙyallu ta dunƙule, yaran inuwa su fashe da dariya.

Abin ya yi mata ciwo, wallahi ya yi mata ciwo. Amma ba ta fasa ba. Ta riƙa danne muryarta har maƙogwaronta ya kumbura, ƙayoyin yarinyar kuma suna sukar haƙarƙarinta har gashin wurin ya zube. A hankali, a hankali, sai ga ɗan hanci yana leƙowa daga ƙarƙashin fiffike.

"Inna, daga kuka mai kogo sai ina?"

"Sai ki bi gindin suri, ki sa gabas a hannun dama. Haka ya ce, ko?"

"Hagu ya ce, Inna."

"Ke! To hagu. Ai kin fi ni ji."

Malam Gauraka ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya share layin ya ja wani can nesa, inda ba a jin karatu sosai. Inna Zabuwa ta matsa bakin sabon layin, ta ɗaga murya, wannan karon da gangan.

"Malam! Ba ma ji! Ƙara buɗe kakakin nan naka, ai shi ne abin taƙamarka!"

Labari ya bazu a daji. Ashe ba Ƙyallu kaɗai aka taɓa korowa ba. Kunkuru ta kawo ɗanta mai shigar da kai cikin ƙwarya da an kira shi. Kurciya ta kawo 'yarta da ba ta ji da kunne ɗaya. Zomo ta jawo autanta mai in'ina, wanda kafin ya gama "Na-na-na" Malam ya ce a tafi da shi. Duk suka jeru a bakin layi, rana na dukansu.

Malam Gauraka ya ce, "Ku yi ta zama. Rana za ta kore ku."

Inna Zabuwa ta ce, "Ita rana ba ta tambaye mu mu amsa kira ba. Ta fi ka mutunci."

Ana nan, sai lokacin shigar da ɗan Malam Gauraka ya zo. Su biyu aka ƙyanƙyashe, amma shirwa ta sure ɗan'uwansa a gabansa, tun daga ranar yaron ya zama shiru-shiru. Uban bai lura ba. Shi dai abin da ya sani, ɗan gauraka ba ya jin tsoro. Ya gayyaci iyaye, na inuwa da na rana, su zo su ga yadda ake amsa kira.

Yaron, Jatau, ya tsaya gaban ubansa.

Malam Gauraka ya cika ƙirji fiye da kullum. "JATAU!"

Jatau ya durƙushe, ya cusa kai ƙarƙashin fiffike.

Malam ya yi 'yar dariyar yaƙe. "Bai shirya ba ne. JATAU! Kai, Jatau! Ɗaga kai, don ubanka!"

Yaron ya ƙara lafewa a ƙasa.

Kunkuru ce ta fara magana, a hankali kamar yadda take komai. "Malam, doka ce."

Zomo ta ce, "Ɗana ya fi haka ƙoƙari, ka kore shi."

Kurciya ta ce, "Ga layi can. Akwai wuri a rana."

Ko iyayen inuwa babu wanda ya tsaya masa, domin kowa ya taɓa kwana da fargabar ranar kiran ɗansa. Malam Gauraka ya dubi nan, ya dubi can. Jatau kuwa ya san dokar, a gidansu aka haife ta. Ya tashi da kansa, kai a ƙasa, ya taka ya tsallake layin ya fita rana, ya tsaya yana kuka mara sauti.

Ƙyallu ta fito daga ƙarƙashin fiffiken Inna. Ta kwantar da ƙayoyinta yadda za ta iya, ta matsa gefe. "Zo ka shiga nan. Idan an rufe ka, ƙarar ba ta da zafi."

Jatau ya shige. Inna Zabuwa ta sauke fiffike a kansa.

Malam Gauraka ya tako har bakin layi. Muryar kakaki ta tafi. "Inna Zabuwa, don Allah. Nan ba da jimawa ba za a sa wa daji wuta, bai iya tashi ba tukuna, bai san hanya ba. Ku bar shi ya shigo. Shi kaɗai, na wannan karon."

"Au! Ashe ka san wuta na zuwa? Da na ce ko mu kaɗai muka sani."

"Na roƙe ki."

"Ni ban riƙe maka ɗa ba, Malam. Ɗauki abinka. Amma ka ji da kyau, ka ɗauke shi shi kaɗai, gobe kowa a dajin nan zai san dokarka ta 'ya'yan wasu ce. Ko duka su shiga, ko duka su zauna."

Malam Gauraka ya dubi layin. Daga nan ya ɗaga ƙafa zai share layin.

"A'a," in ji Kunkuru. "Ƙafa ba ta sharewa da kyau, wani zai ga alamarsa gobe ya sake ja. Ga tsintsiya nan a kanka."

Haka Malam Gauraka ya sunkuyar da dogon wuyansa, ya kifa tukkun zinariya a ƙasa, ya bi layin yana sharewa har ya kewaye ɗorawar. Ko da ya ɗago, tukkun ya zama buɗu-buɗu kamar tsohuwar tsintsiyar tsakar gida. Ba wanda ya yi dariya sai autan Zomo, shi ma uwarsa ta make shi.

"Shi ke nan, ku shigo," ya ce.

Inna Zabuwa ba ta motsa ba. "Ba ka kira ta ba. Ba za ta shiga ta bayan fage ba kamar ɓarauniya. Kira ta yadda za ta iya amsawa."

Malam Gauraka ya naɗe dogayen ƙafafunsa, ya durƙusa har bakinsa ya kusa taɓa ƙasa. Ya buɗe baki, ya rufe. Shi ma ashe bai taɓa koyon raɗa ba. Da ƙyar abin ya fito.

"Ƙyallu."

Ta fara dunƙulewa, ta kai rabi, ta tsaya. Kowa ya jira. Malam bai sake kira ba, bai tashi ba, gwiwoyinsa na ciwo yana jira. Can sai hanci ya fito, sai ido.

"Na'am, Malam."

Inna Zabuwa ta saki wata guɗa da ta daɗe tana dannewa, har tsuntsaye suka watse daga kan ɗorawa. Ƙyallu ta dunƙule nan take, amma daga cikin ƙayar, dariya ake ji.

Da mafarauta suka sa wutar bana, ba Inna Zabuwa ce ta kai Ƙyallu ruwa ba. Tana sama tana kururuwa, hayaƙi ya hana ta ganin komai, ranta ya gama fita. Da ta sauka bakin fadama, sai ta tarar da yarinyar a cikin laka har wuya, tana haki, da ranta, ashe da kanta ta bi hanyar da Malam ya koya musu.

Darasin wannan labari shi ne, yaron da ya dunƙule ba ƙin karatu yake yi ba, wani abu ne ya tsorata shi, kuma shi ne ya fi kowa bukatar a buɗe masa ƙofa. Maraya, da mai in'ina, da wanda kunnensa ba ya ji sosai, kowannensu yana da haƙƙin zama a inuwa tun yana ƙarami. Duk wanda ya kafa dokar da za ta bar ɗan wani a rana, ya jira ranar da za ta faɗa kan nasa. Ku kuma yara, idan kun ga an ja wa wani irin wannan layi, kada ku juya ku tafi. Ku zauna kusa da shi, ku ƙi tashi har sai an share.