Kullutun Sakina da Ɗan Gilashin Likita

Akwai wata mata a Hawandawaki, sunanta Sakina. Tana cikin goyo wani kullutu ya hito mata a nonon hagu, mai tauri kamar ƙwallon goruba.

Nan da nan gari ya gama yanke hukunci, wai ciwon daji ne. Kawunta Illo shi ya hi kowa zaƙewa.

"Kar wanda ya kai ta likita! Daji in ƙarhe ya taɓa shi, ya bazu ke nan."

Aka yi ta shahe-shahen magani, ba sauƙi. Sakina ta rame, dole ta daina ba jaririnta wannan ɓarin. Ran nan ta ce wa mijinta Yusha'u: "Malam, ni dai na gaji. Har yanzu ba wanda ya duba, kowa cewa kawai yake. Kai ni Tasawa."

Suka hau kabu-kabu ba su yi wa kowa sallama ba.

Sun yi sa'a, wasu likitoci sun zo aikin ƴan kwanaki, cikinsu har da Likita Samira. Ta duba, ba ta ɓoye mata komai ba.

"Za mu sa ki barci, in ɗebi ɗan nama kaɗan, in dangwala shi bisa gilashi, in duba a madubin likita mai ƙara girman abu, ke kina kwance. In daji ne, za mu cire nonon a take. In ba shi ba ne, mu ɗinke. Kin yarda?"

Sakina ta dahe ƙirjinta, ta ce: "Na yarda."

Ana cikin aikin sai ga Kawu Illo, ya biyo su, rawani duk ya kwance.

"Yusha'u! Kai mahaukacin ina ne? Shiga ka hito min da ɗiyata!"

"Kawu, an riga an hwara. Zauna don Allah."

"In zauna? Ana can ana yanka ta kamar kabewa?"

Bai zauna ba. Ya kai ya kawo har ƙohwa ta buɗe.

Likita Samira ta hito tana cire safar hannu. "Baba, ba mu cire komai ba. Abin da na gani ba daji ba ne. Zo ka gani da idonka."

Ta kai shi gaban madubin. Ya leƙa, ya runtse idon da ya kamata ya buɗe, sai da ta gyara mishi.

"Ni ɗigo-ɗigo nike gani, kamar an zubar da gero."

"Dubi inda suka taru suka yi zobe. Masu tsaron jiki ne suka yi wa cuta ƙawanya. Yawanci ƙwayar tarin huka ke sa haka, kuma tana da magani."

"To ai ba ta tari!"

"Ba a huhu kaɗai take zama ba. Kuma wagga dubawa ta gaggawa, ko da yake da wuya ta yi kuskure, ba na tsayawa a kanta ita kaɗai. Zan aika naman Yamai a ƙara dubawa. Ku ɗan ƙara haƙuri."

Jiran nan kam ba daɗi, ni kam, in da ni ce, da kullum ina ƙohwar likita. Amma sakamako ya zo, abin da Likita Samira ta hwaɗa shi ne, tarin huka ne. Sakina ta sha magani wata da watanni, ba hwashi. Kullutu ya narke, jiki ya dawo.

Ranar da aka ce ta warke, guɗa har bayan gari. Kawu Illo na tsakiyar maza yana ba da labari: "Ai ni da idona na ga cutar!"

Sakina ta leƙo ta bisa darni: "Kawu, da wane idon? Na ruhe ko na buɗe?"

Darasi: Ba kowane kullutu ba ne daji, kuma ba a gane ciwo da ji-ta-ji-ta. A je a duba, a yi haƙuri sakamako ya hito kahin a yanke hukunci. Yi maza ki tura wa ƙawarki da innarki, wataƙila akwai mai ɓoye nata don tsoro.