Ranmu ko Ranku

Ga wata ta zo muku, kowa ya gyara zama, don ƙarshenta gardama ce.

A ƙaramar hukumar Gulbin Kanya akwai wata jam'iyya ta manoma da 'yan dako da masu wanki da guga, ana ce mata Jam'iyyar Gumi. Aƙidarta guda ce: ɗan jam'iyya ba ya ce wa kowa "ranka ya daɗe", don ran mai mota bai fi ran mai jaki ba. Shekara da shekaru suna shan kaye a kan wannan, sai bana shugabansu Nomau ya ci kujerar ciyaman. Tsarinsu kuwa ya ce wanda ya ci zaɓe dole ya miƙa shugabancin jam'iyya ga wani. Mutum uku ne a gabansa, kuma ya san duk wanda ya ba, kamanninsa jam'iyyar za ta ɗauka.

Na farko Baba Cindo, tsohon ɗan dako, cikin waɗanda suka kafa ta. Da kamfe ya yi zafi, tsofaffin 'yan jam'iyya suka ji ƙishin-ƙishin Nomau ya fara zama a falon Alhazai, masu kuɗin cikin gari, suka ce su ranar zaɓe gona za su tafi. Baba Cindo ya ɗauki sanda ya bi su ƙauye-ƙauye da ciwon gwiwarsa. "Ni na goyi yaron nan a siyasa," yake cewa. "Ranar da kuka ji kalmar nan ta 'ranka ya daɗe' a bakinsa, ku zo ku cire min hula a tsakiyar kasuwa." Suka yarda. Ba don shi ba, da rumfunan zaɓen ƙauye sun wuni wayam.

Ta biyu Sahura, wadda ta karanto kimiyyar siyasa, kuma ita ce ta ja shi falon tun farko. "Kawu, mu nawa ne?" ta ce masa. "Masu shaguna da dillalan hatsi su ma fa suna da ƙuri'a. Ba ƙin mu suke yi ba, tsoronmu suke ji." Ta yi ta sintiri gidajensu har suka sauko, amma da sharaɗi: ranar babban gangami Nomau ya gaishe su a bainar jama'a, ya ce "ranku ya daɗe". Ta ce an gama, ba ta ko shawarce shi ba. Ba don ita ba, da ƙuri'un cikin gari sun tafi inda suka saba tafiya.

Na uku Barau, sakataren yaɗa labarai, wanda lasifika ke hannunsa. Ranar gangami Alhazai suka zauna a kujerun gaba, mutanen Baba Cindo suka yi dafifi a tsaye daga baya. Sai da Nomau ya sa ƙafa a matakalar dandamali sannan Sahura ta raɗa masa alkawarin da ta ɗauka. Ya hango hular Baba Cindo can cikin taro. Barau ya matso ya ce, "Shugaba, ce 'ranmu ya daɗe', sauran ka bar mini." Nomau ya buɗe baki, Barau ya murɗa wani abu, lasifika ta yi ƙiiii daidai tsakiyar kalmar. Na gaba suka ji "ranku", suka hau tafi. Na baya suka ji "ranmu", suka ɗaga hannu suna sowa. Kowa ya koma gida da murna, kowa ya ba shi ƙuri'a.

Yanzu Alhazai na cewa yaron ya yi hankali, ƙauye na cewa ɗansu bai rusuna ba. Shi kuwa Nomau, saboda tsoron da ya sha a ranar, ya kasa tuna wacce ta fita daga bakinsa. Ya ja Barau gefe ya ce, "Don Allah, wai me na ce ne?"

"Wallahi Shugaba, ni ƙara kawai na ji."

Idan ya ba Baba Cindo, jam'iyya za ta tsaya a kan ƙafarta, amma cikin gari zai watse, a koma shan kaye. Idan ya ba Sahura, jam'iyyar za ta cika ta batse, sai dai bai san ko za ta ƙara jin warin gumi ba. Barau kuwa zai riƙe kowa da kowa, muddin ba a sami wanda ya ce a maimaita maganar a hankali ba.

Ga shi wakilan jam'iyya sun cika ofis, sun zuba masa ido.

To jama'a, tsakanin wanda ya tsare tushe, da wadda ta buɗe ƙofa, da wanda ya hana kowa jin abin da aka ce, wa ya fi cancanta Nomau ya miƙa wa jam'iyyar?