Sarkin da Ya Taya Ɗora Jinka

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni na bakin kogi. Al'adarsa ce duk shekara bayan kaka ya tsaya ƙofar fada ya shaida wa jama'a inda zai kashe abin da ke baitulmali. Wata shekara ya shirya jawabin da ya burge shi har ya kasa zama wuri ɗaya. Zai gina babbar kasuwa, ya share wa fatake hanya, arzikin birni ya ninka. Masunta da manoma kuwa, ya tanadar musu godiya mai daɗin ji, ba ƙari. An raɗa masa cewa masunta sun soma ɗaure kaya za su haye kogi, ya ce zancen banza ne.

Ana gobe jawabi, ɗoki ya kai shi gidan Malam Jatau, wani tsoho mai hikima, wai neman shawara, alhali yabo yake nema. Ya tarar maƙwabta sun kewaye sabuwar jinka za su ɗora wa ɗakin malam. Bai ko jira shimfiɗa ba, ya zuba jawabin nan tiryan-tiryan, ya ce, "Malam, in dukiya ta ƙaru, ai zukata za su bi ta?"

Malam ya ce, "Ya sarki, amsarka tana bisa wannan ɗaki. Taya mu kai mata."

Sarki ya yi dariya, ya naɗe hannun riga. Ya jera ƙartin dogaransa a gefen gabas, don ya nuna yadda ƙarfi ke aiki, ya bar tsofaffin maƙwabta a yamma. Aka ce a ɗaga. Gabas ya yi sama kamar an cilla shi, jinka ta karkace, ta rufta kan wani tsohon masunci mai suna Bawale. Da kyar aka zaro shi, gemu duk ciyawa.

Sarki ya fusata ya ce, "Raunin na yamma ne ya kayar da ita."

Malam ya ce, "Ya sarki, shekara da shekaru raunin nan yana ɗora jinka, ba ta taɓa faɗuwa ba. Yau ƙarfi ya zo ya tsaya gefe guda."

Sarki ya sauya jeri. Sai ya cakuɗa su, dogari kusa da tsoho, shi kansa ya kama kusa da Bawale. Jinka ta tashi sumul ta zauna bisa ɗaki, mata suka rangaɗa guɗa, murna ta kama sarki kamar wanda ya ci yaƙi.

Yana haki ya ce wa Bawale, "Da gaske za ku tashi?"

Bawale ya ce, "Ranka ya daɗe, jirage suna bakin ruwa. Jawabin gobe kaɗai muke jira."

Kashegari sarki ya tsaya ƙofar fada. Ya ce kasuwa tana nan, amma hanyarta daga mashayar masunta za ta faro, ta ratsa gonaki, kuma kowace unguwa tana da rumfa a ciki. Can cikin taro ya hangi Bawale yana aika a kwance kaya. Sarki ya rufe da cewa, "Jiya na koya da hannuna: mulkin da gefe ɗaya ya ɗaga, a kan ɗaya gefen yake faɗuwa. Adalci shi ne a tashi tare."