Na-Sani da kwalbar zumar matarsa

Akwai wani mai shagon aski da abokan hirarsa ke kira Na-Sani. Kafin ka rufe baki ya ce maka "ai na sani", ko da labarin abin da ya faru a ɗakinka ne. Na ga masu cewa labarin da na kawo jiya ba gishiri. Allah ya ba ni haƙurinku, ga wani.

Ciwon gaɓoɓi ya kama Na-Sani. Yatsunsa suka kumbura har almakashi ya soma kuɓuce masa, ga shi da hannun nan yake ciyar da gida. Matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likitar ta rubuta masa ƙwayoyin sitiroyid masu rage kumburi, ta yi bayanin yadda ake shan su. Shi yana ta gyaɗa kai yana "na sani, na sani", matar ce ta saurara.

Kullum da safe takan ajiye masa shayi da burodi, sai ya ci ta miƙo ƙwayar. Ƙwayar kuwa ɗaci gare ta kamar maɗaci, don haka takan bi shi da cokalin zuma.

Ana haka, wani direban tasi ya zo aski. Kumfa cike da haɓarsa ya ji labarin, ya ɗaga yatsa ya ce ai an cuci Na-Sani. Zuma magani ce mai zaman kanta, in ji shi, kuma sarki biyu ba sa zama gari ɗaya. Da ta haɗu da ƙwayar asibiti sai ta kashe ta. Burodin ma toshe hanya yake yi.

"Na sani," in ji Na-Sani, amma reza ta tsaya a hannunsa.

Nan take ya tuna cewa matar ta sha ce masa ya huta, ya bar wa yayanta shagon ya riƙe masa. Ashe! Biri ya yi kama da mutum. Wato so ake hannun ya ƙi warkewa, suruki ya gaje kujera da madubi.

Ya koma gida da zarginsa a ciki. Da safe ya karɓi ƙwaya da zuma yana murmushi, a ransa yana cewa wannan ta tafi a banza. Da ta juya baya sai ya ɓalli wata ya jefa aljihu. A shago, kafin abincin rana, ya haɗiye ta da ruwa zalla. Ita ya ɗauka ta gaskiya.

Hannu ya soma saki, ya ce ka gani ko, dabarata ce. Sai dai bayan 'yan makonni wasu baƙi suka sauka. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, fitsari ya hana shi gama aski ɗaya a tsaye, ƙirjinsa na zafi, barci ya yi ƙaura. Ga saurin fushi: wani ya ce a ɗan rage masa gefe, ya kusa cinye shi ɗanye. Mai aski kuwa ba ya tsere wa madubi. Duk inda ya juya sai ya ga fuskarsa ta yi zagaye kamar faranti.

Zargi ya hau kan zargi. Ya ce lallai ba kashe magani kaɗai zumar nan take yi ba, akwai abin da aka zuba a ciki. Ya shiga leƙen kicin ta bayan labule. Ya shinshina cokali. Ya ɗiga wa tururuwa ya tsuguna yana jiran su mutu, su kuwa suka kira 'yan uwansu.

Ranar komawa asibiti ya sunkuci kwalbar ya cusa a aljihu. Matar ta ce ƙafarta ƙafarsa. A mota kowa ya kalli tagarsa.

Suna zama gaban likita ya dire kwalbar a kan tebur, ya ce a auna masa ita, yana da dalilinsa. Matar ta dube shi, ta dubi kwalbar, ta buɗe jaka ta dire kwalin maganin, wayam.

"Likita, ni ma da tawa ƙarar. Maganin nan ya ƙare tun lokacinsa bai yi ba. Baban yara, faɗa mata wa kake raba wa a shago, tunda ka zama likitan masu aski."

Ashe ita ma ta daɗe tana zarginsa, har aljihun rigunansa take lalubewa wajen wanki.

Likitar ta tambaye shi sau nawa yake sha a rana. Ya yi tari, ya gyara zama, ya ce sau ɗaya na wasa, sau ɗaya na gaske. Ta ajiye biro. Aka auna sukarinsa, ya hau sosai.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Irin wannan ƙwayar da abinci ake so a sha ta, don kada ta ƙona ciki, kuma burodi ba ya hana jiki karɓarta. Cokalin zuma ma bai kashe komai ba. Duk ƙwayar da ya haɗiya ta yi aiki, wato ninki biyu yake ɗura wa kansa, shi ne ya kumbura masa fuska ya kore barci. Laifin zumar ɗaya ne: maganin yana ɗaga sukari, don haka yanzu sai a janye zaƙi.

Na-Sani ya ce to shi daga yau ya daina sha gaba ɗaya. Ta ce kul, wannan ya fi na farko hatsari. Jiki ya saba, sai an riƙa ragewa kaɗan-kaɗan yadda za ta tsara. Ya buɗe baki zai ce "na sani", matar ta kalle shi, ya mayar da bakin ya rufe.

A hanyar gida ne ya furta zancen shago da yayanta. Ta ce:

"Yaya da ko gashin baki bai iya ragewa ba? Hannunka nake tausayi, ba kujerarka nake so ba."

Ya ba ta haƙuri, ta ce ta ji. Jin ne dai bai kai zuci ba tukuna.

Washegari ta ajiye masa shayi ba sukari, da burodi, da ƙwaya. Ya haɗiya, ɗacin ya naɗe masa harshe, ya yamutse fuska ya ce ko ɗan lakato ne na zuma, Maman yara.

"Wace ni in kashe maka magani?" in ji ta. "Na aika wa direban da kwalbar, shi ya san aikinta."

Darasi: Yadda ake shan magani, da abinci ko ba abinci, a bakin likita ko mai ba da magani ake jinsa, ba a kujerar aski ba. Kada ka ƙara, kada ka daina sha bisa ra'ayin kanka. Kafin ka zargi hannun da ke miƙo maka cokali, buɗe baki ka tambaya. Ku tura wa Na-Sanin gidanku, kowane gida da nasa. Wanda ya karance ya wuce shiru kuma, ina ganinsa, na dai yafe don girmana.