Maigidan Haya da Bangon Gabas

Akwai wani mutum da ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya. Da aka biya shi kuɗin sallama, sai ya ce a ransa, "Zan sayi gida in zuba 'yan haya, in ci daga cikinsa har ƙarshen kwanakina." Bai taɓa yin wannan sana'a ba. Ya sami wani tsohon gidan ƙasa a bayan kasuwa, da 'yan haya a ciki, ya saye shi da dukan abin da yake da shi.

Mutumin nan kuwa ba ya yarda da kowa. Abokansa sun riga sun cika masa kunne cewa dillali maƙaryaci ne, magini ɓarawon siminti ne, ɗan haya kuma ba ya buɗe baki sai don a rage masa kuɗi. Saboda haka da aka fara gyara, kullum yana zaune a tsakar gida, idonsa a kan buhunan siminti. Ko lebura ne ya fita shan ruwa, sai ya bi shi da kallo har ya dawo.

Ga al'adar gidan tun dā, kafin kowace damina 'yan haya sukan kwaɓa ƙasa su yi wa bangon gabas sabon yaɓe, gama ta nan ruwa yake dukan gini. Inda ya tsage kowa yana gani, a toshe. Amma sabon maigidan ya ce wannan aikin ƙauye ne. Ya sa aka shafe tsohon bangon da siminti ciki da waje, aka yi masa fenti, ya ƙara kuɗin haya. Duk mai wucewa sai ya yaba.

Da ruwa ya sauka, sai wata tsohuwa mai suna Keziya, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ta je wurinsa ta gaishe shi. Ta ce, "Maigida, na zo ne a kan bangon ɗakina. In na ƙwanƙwasa shi, yana amsawa kamar ganga. Kullum da safe kuma ina share ɓurɓushin ƙasa a gindinsa."

Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya ce, "Bangon da aka gama jiya-jiya? Mama, ki faɗi gaskiya, nawa kike so a rage miki?"

Ta ce, "Ban zo roƙon ragi ba, ɗana. Zo ka sa kunnenka ka ji da kanka."

Ya ce, "Ko maginin ne ya turo ki, a sake ba shi aiki ku raba? Na san irinku."

Bai je ya duba ba. Maimakon haka ya ba tsohuwar wa'adi ta tashi, ya kuma tara sauran ya ce musu, "Duk wanda gidan nan bai yi masa ba, ƙofa a buɗe take. Masu nema suna nan da yawa." Keziya ta ɗaure kayanta ta koma wurin 'yarta, dukansu suna kallo.

Ɗakin da yake kusa da nata na wani tela ne mai suna Habila, bango ɗaya suka haɗa. Ba a daɗe ba matarsa ta nuna masa tsaga a jikin simintin, daga taga har ƙasa. Ta ce, "Baban yara, ka je ka faɗa masa mana."

Ya ce, "In faɗa masa? Ba ki ga abin da ya sami Mama Keziya ba? Ina za mu nufa da yara a tsakiyar damina?"

Sai ya jawo kabad ya rufe tsagar, ya mai da gadon yara ɗaya gefen ɗakin. Sa'ad da maigidan ya zo zagaye yana leƙa ɗakuna, ya ce, "Ina fata babu matsala?" Habila ya rusuna ya ce, "Babu, ranka ya daɗe, sai alheri." Haka kowa ya amsa masa. Maigidan ya koma gida yana cewa a ransa, "Na yi maganinsu."

Amma ruwa yana ta shiga tsakanin siminti da ƙasa, ba shi da hanyar bushewa. Wata rana da yamma a watan Agusta, ana tsakar ruwa, bangon gabas ya zube gaba ɗaya, rufi ya biyo shi. Keken ɗinkin Habila ya farfashe a ƙarƙashin ƙasa. Yaran sun tsira da ƙyar, don suna ɗaya gefen. 'Yan haya suka kwashe abin da ya ragu suka watse, mutumin kuwa ba shi da abin sake gini.

Ya tsaya a kan ɓaraguzan yana ihu, "Kun gani kuka yi shiru! Baki kuka haɗa mini!"

Habila ya ce masa, "Ranka ya daɗe, wadda ta faɗa maka, yanzu tana ina?"

Ma'anar wannan misali ita ce: gidan nan rayuwar kowannenmu ce, fentin kuwa kyan halin da muke nuna wa mutane ranar Lahadi. Tsohuwar ita ce duk wanda Allah ya aiko ya nuna mana inda muka fara ruɓewa. Wani lokaci fasto ne, wani lokaci mijinki ne ko matarka, ko ma ƙanwarki da kike rainawa.

Ban ce mu gaskata kowace magana ba. Akwai masu ruɗi a duniya, yin hankali kuma ba zunubi ba ne. Laifin mutumin nan shi ne, ya binciki zuciyar mai magana, bai binciki bangon ba. Zuwa ya ƙwanƙwasa ba zai ci masa ko sisi ba.

'Yan'uwa, in aka gaya muku laifinku, kafin ku ce, "Me mai wannan magana yake nema a wurina?" ku fara durƙusawa gaban Ubangiji ku tambaya ko gaskiya ne. In kuwa kun lura kwanan nan ba mai ƙara tsawata muku, kowa sai "lafiya lau" yake ce muku, kada ku yi saurin murna. Ku tambayi kanku wa kuka kora.