Duwatsu Biyu Cikin Batta Ɗaya

Akwai wani maigida da mahaifinsa ya bar masa dutsen daimon guda, ƙarami kamar ƙwayar masara. Don tsoron ɓarayi, sai ya sa aka yi masa irinsa sak na gilashi. Na gilashin yake nuna wa baƙi, na ainihin kuwa yana ɓoye ƙarƙashin gado.

Wata rana matarsa tana gyaran ɗaki, ta tsinci duwatsun biyu, ta haɗa su cikin batta ɗaya. Kada ku ga laifinta, ai ba wanda ya faɗa mata. Maigida ya buɗe batta, ya juya wannan, ya juya wancan, ya rasa gane na mahaifinsa.

Ga shi kuwa ɗansa na fari zai yi aure, ya kuma yi alkawari a ranar zai damƙa masa gadon. Maƙwabta suka ji labari. Kun san maƙwabta, ba sa rasa ta cewa. Suka ce, "Wa ya sani ma, ko tun farko gilashi tsohon ya bar masa?" Maganar nan ta ci masa rai ƙwarai, gama mahaifinsa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Sai ya tafi wurin wani tsohon maƙerin zinariya. Maƙerin ya ce, "Goga su da juna, ɗana. Daimon yana yanka gilashi, gilashi kuwa ba ya iya masa komai."

Maigida ya ce, "Baba, in na ɓata na mahaifina fa?"

"In ya ɓaci, da ma ba daimon ba ne."

Ranar biki ya fito da battar a gaban jama'a, har da maƙwabtan nan. Ya goga duwatsun da ƙarfi. Ɗaya ya fito da dogon zane a fuska. Ɗayan kuwa ko ƙwarzane babu. Ya ɗaga shi sama, zuciyarsa cike da alfahari, ya ce, "Ga abin da mahaifina ya bar mini." Sa'an nan ya sa shi a tafin hannun ɗansa.

Ma'anar wannan misali ita ce, daimon shi ne bangaskiyar da muka karɓa daga wurin Ubangiji, gilashin kuwa ibada ce ta ganin ido. Ranar Lahadi dukansu suna sheƙi, waƙa ɗaya suke yi, a benci ɗaya suke zama. Sai ciwo ya zo, ko ba'ar abokai, ko gona ta ƙi, sa'an nan ake gane su.

Don haka, 'ya'yana, in aka goge ku kada ku ɓuya, kada ku sunkuyar da kai. Ni dai ina alfahari da Ubanmu na sama, bai taɓa ba ɗansa jabu ba. Ku riƙe abin da ya ba ku, ku bar duniya ta goga iyakar ƙarfinta. Ita za ta tafi da zane.